Toyota: Sunan Da Ake Saye Kafin A Sayi Motar

A filayen sayar da motoci da ke bakin manyan titunan Kano, Kaduna da Abuja, akwai wani tsari da dillalai ba su cika saɓa masa ba. Motocin Toyota ake jerawa a sahun gaba, inda idon mai wucewa zai fara sauka: Corolla, Camry, Sienna, Highlander, ga Hilux can a gefe. Na Jamus da na Koriya suna baya. Wasunsu sun fi na gaban sabunta da ƙyalli, amma a kansu ƙura ta fi daɗewa.

Mai saye ba ya zuwa shi kaɗai, da bakanikensa yake tafe. Shi kuwa bakanike bai damu da fenti ba. Bonet zai fara ɗagawa, ya zaro sandar bakin mai, ya murza a yatsa ya shinshina. Ya ce a tayar, ya kara kunne jikin inji. Ya zagaya baya ya duba kalar hayaƙin salansa, sannan ya ɗaga kafet yana neman tsatsa ko busasshen taɓo. Sai ya gyaɗa kai ake shiga ciniki.

A wajen cinikin ne gumi ke karyowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ake canzarwa ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin kwastan ya bi dala, farashin mota ya bi su duka biyun. Motocin da ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano suka ninka kuɗi, wasu ma fiye da ninki. Duk da haka, mai saye ya gwammace ya ja tsaki ya ƙara kuɗi a kan Corollar da ta shekara 15 tana yawo a Amurka, da ya koma sahun baya ya ɗauki wadda ta fi ta sabunta.

Ina wannan yarda ta samo asali? Kuma har yanzu motar ta cancanci abin da ake biya saboda sunanta?

Daga masaƙa aka fara

Da zare gidan Toyota ya fara cin abinci, tun kafin ya san ƙarfen mota. An haifi Sakichi Toyoda a 1867 a wani ƙauye na yankin Shizuoka a Japan. Ɗan kafinta ne, ya tashi a inda mata ke saƙa da hannu a cikin gida, ya kuma ƙarar da rayuwarsa wajen inganta masaƙa.

A 1924 ya kammala injin saƙar da ya fito da sunansa. Injin yana canza ƙoshiya da kansa ba tare da ya tsaya ba, amma da zarar zare ɗaya ya tsinke, sai ya tsaya cak. A tsofaffin masaƙu, idan zare ya tsinke inji bai sani ba, haka zai ci gaba da fitar da yadi mai aibi har sai wani ya lura. Da sabon injin, ma'aikaci ɗaya ya isa ya kula da masaƙu masu yawa, kuma ɓarna ba ta wuce inda ta faro.

A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila, ƙasar da ke kan gaba a harkar masaƙu a lokacin, ya sayi haƙƙin ƙera injin a kan fam 100,000. Sakichi ya rasu a shekarar da ta biyo baya.

Ɗansa Kiichiro ne ya karkata ga mota. A 1933 ya buɗe sashen motoci a cikin kamfanin masaƙar, a lokacin da Ford da General Motors ke haɗa motocinsu a Japan suna cin kasuwar yadda suke so. Shi da injiniyoyinsa suka sayo Chevrolet suka wargaza ta, suna nazarin kowane noti. A 1935 suka fitar da babbar motar ɗaukar kaya, a 1936 ƙaramar mota mai suna AA, a 1937 kuma sashen ya tsaya da ƙafarsa da sunan Toyota. Garin Koromo, inda aka gina masana'antar farko, shi ma ya koma amsa sunan Toyota a 1959.

Rashi ya koya musu tattali

Shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, motocin soja kamfanin ya yi ta ƙerawa. Da aka ci Japan da yaƙi, kasuwa ta mutu, kuɗi suka ƙare. A 1950 bankuna suka ce ba za su ƙara ko sisi ba sai an rage ma'aikata. Aka shiga yajin aiki na kusan wata biyu, kimanin mutum 2,000 suka bar aiki, Kiichiro ya ɗauki laifin a kansa ya sauka daga shugabanci. 'Yan makonni bayan haka Yaƙin Koriya ya ɓarke, sojojin Amurka suka yi odar dubban manyan motoci, kamfanin ya farfaɗo. Kiichiro ya rasu a 1952, bai ga abin da ya shuka ba.

A wannan shekara ta 1950 ɗan uwansa Eiji Toyoda ya ziyarci masana'antar Ford da ke kusa da Detroit. Can ana fitar da dubban motoci a rana, alhali abin da Toyota ke fitarwa bai wuce 'yan gomomi ba. Eiji ya dawo da fahimtar cewa ba su da kuɗin da za su kwaikwayi Ford, wanda ke tara kaya jibgi a sito, ya bar layin haɗa motoci yana gudu ko da an ga kuskure, sai a ƙarshe a zo gyara.

Wani injiniya mai suna Taiichi Ohno, wanda shi ma daga ɓangaren masaƙa ya fito, shi ya jagoranci samar da wata hanyar. Ba a ƙera wani ƙarfe sai sashen da ke gaba ya buƙace shi, kuma daidai adadin da ya nema. Tunda babu tulin kaya a ajiye, duk aibin da aka samu nan take yake bayyana.

Sannan aka rataye igiya a saman layin aiki. Duk ma'aikacin da ya ga noti bai ɗauru ba, ko ƙofa ba ta zauna daidai ba, yana da ikon jan igiyar, fitila ta kama, shugaban sashe ya rugo. In ba a shawo kan matsalar cikin ɗan lokaci ba, layi ya tsaya gaba ɗaya. Ba a sake tayar da shi sai an bi diddigin dalili, ana tambayar "me ya jawo?" har sau biyar, daga fiyus ɗin da ya ƙone zuwa famfon man da ya toshe, har a kai ga saiwar matsalar. Dabarar tsinkewar zare ce aka ɗauko daga masaƙa aka ɗora wa mota, kuma ita ce tushen duk abin da ake faɗa yau game da ƙargon Toyota.

Kunyar Amurka, da abin da ya biyo baya

Shigar Toyota Amurka ba ta yi daɗi ba. Motar Crown da aka fara sayarwa can a 1958 an yi ta ne don titunan Japan masu ramuka, inda ba a gudu. Da ta hau manyan hanyoyin Kalifoniya sai inji ya riƙa zafi, jiki yana karkarwa. Ba a jima ba aka dakatar da kai ta. Kamfanin ya koma gida ya sake shiri, ya dawo da Corona a 1965.

A 1966 Corolla ta fito, Hiace a 1967, Hilux a 1968. Da ƙasashen Larabawa suka riƙe man fetur a 1973, Amurkawa da suka saba da manyan motoci masu zuƙar mai suka fara waiwayar ƙananan motocin Japan. Sun saye su don tsimin mai, sai suka tarar ba sa kai su gareji.

Gwajin da ya fi ba masana mamaki ya faru ne a garin Fremont na Kalifoniya. General Motors yana da masana'anta a can da ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da fitar da motoci masu aibi, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka dawo da akasarin tsofaffin ma'aikatan, aka tura wasunsu Japan koyon aiki, aka rataye musu igiya. Cikin ɗan lokaci motocin wurin suka shiga sahun mafi inganci a duk masana'antun General Motors. Ma'aikatan su ne na jiya, tsarin aiki kawai aka canza.

Daga nan sai hawa. Camry ta fito a 1982, Lexus a 1989, Prius mai haɗa fetur da batir a 1997. A 2008 Toyota ta karɓe kambun sayar da motoci na duniya daga General Motors, wanda ya riƙe shi sama da shekara 70. Zuwa 2021 an sayar da Corolla fiye da miliyan 50, a 2023 kuma rukunin kamfanonin Toyota ya sayar da motoci sama da miliyan 11 a shekara ɗaya.

Yadda ta ture Peugeot

Wanda ya girma a Arewa a shekarun 1970 da 1980 ya san cewa a lokacin idan an ce mota, Peugeot ake nufi. Masana'antar haɗa ta da ke Kaduna ta fara aiki a 1975. Da 504 gwamnati ke aiki, ita ma'aikaci ke saye da bashin mota, ita ke jigilar fasinja tsakanin garuruwa. Toyota tana nan tun tsakiyar shekarun 1960, amma ba ita ke da gari ba.

Faɗuwar farashin mai da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 su suka sauya lissafi. Naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antun haɗa motoci na cikin gida suka fara tangal-tangal. Kasuwa ta koma hannun motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wasu su shigo ta kudu, wasu su bi ta Nijar su faɗo ta Maraɗi ko Birnin Ƙonni. Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, amma sunan 'yar Kwatano ya riga ya zauna.

A kasuwar tsofaffin motoci, abin da ake tambaya shi ne wacce za ta jure bayan ta tsufa. Nan Toyota ta yi wa sauran fintinkau, tana gaba Honda na bin ta.

Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: da yawa daga cikin Toyotocin da ke titunan Nijeriya ba su taɓa ganin Japan ba. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, irin na Nijar, su kuwa motocin cikin Japan sitiyarinsu a dama yake, don haka ba su dace da hanyoyinmu ba. Camry da yawa a jihar Kentucky ta Amurka aka haɗa su, Sienna a Indiyana, Corolla a Kanada ko Turkiyya, Avensis a Ingila, Hilux a Tailan ko Afirka ta Kudu. Lambar shasi da ke ƙasan gilashin gaba tana faɗin gaskiya: in ta fara da J, daga Japan take, 2 Kanada ce, 4 ko 5 kuma Amurka.

Motar sahara

Idan aka bar kwalta, magana ta koma kan Hilux da Land Cruiser. Ita Land Cruiser ta samo asali ne a 1951, aka raɗa mata wannan suna a 1954. Samfurinta na 70, mai murabba'in jiki da ƙarancin kayan lantarki, tun 1984 ake ƙera shi har yau, saboda masu haƙar ma'adinai, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji ba su samu madadinsa ba. Inda babu gareji sai an yi tafiyar kwana biyu, motar da ake iya gyarawa da sifana da filaya ta fi mai allon kwamfuta.

Maƙwabciyarmu Chadi ce ta sa sunan kamfanin ya shiga littattafan yaƙi. A watan Janairun 1987 dakarun shugaban Chadi Hissène Habré, ƙarƙashin kwamanda Hassan Djamous, suka afka wa sansanin sojojin Libiya a garin Fada na arewacin Chadi cikin motocin a-kori-kura na Toyota da Faransa ta ba su, kimanin 400, ɗauke da makaman fasa tanka. Tankokin Gaddafi masu nauyi suka kasa juyawa da saurin waɗannan motoci a cikin rairayi. A watan Maris babban sansanin Wadi Dum ya faɗi, a Satumba 'yan Chadi suka kai hari har cikin ƙasar Libiya, kafin a tsagaita wuta. Har yau ana kiran wannan zango na rikicin da sunan Yaƙin Toyota.

A Agadas kuwa, Hilux ce ke ratsa Tenere zuwa Dirku da iyakar Libiya, bayanta cike da mutum 20 ko fiye, ƙafafuwa a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo, jarkokin ruwa na reto a gefe. Wata dokar Nijar ta 2015 ta haramta wannan jigila, gwamnatin soja ta soke dokar a ƙarshen 2023.

Ƙargon da ya sa likitan ƙauye ke son motar shi ya sa ɗan bindiga ke son ta. An gan ta a hannun Boko Haram, a yaƙin Sudan, da ayarin ISIS a Iraƙi da Siriya, har ma'aikatar kuɗi ta Amurka ta nemi bayani daga kamfanin a 2015. Toyota ta ce ba ta sayar wa irin waɗannan mutane, amma ba ta da iko a kan motar da aka sace ko aka sake sayarwa.

Abin da masu ita ke faɗa

Tambayi direban haya da ke lodin Sienna daga Kano zuwa Abuja, ko mai bas ɗin Hiace da ake kira Homa, dalilinsa ba ya wuce uku: ba ta cika kwanciya ba, in ta kwanta ko'ina akwai mai tayar da ita, in kuma ta ishe ka yau, gobe ka samu mai saye.

Dalili na biyu shi ne ginshiƙi. A Ƙofar Ruwa ta Kano, Panteka ta Kaduna, Ladipo ta Legas ko Suame ta Kumasi, babu abin Corolla ko Camry da za a nema a rasa, sabo ko na hannu, daga fitila har cikakken inji. Toyota tana sa inji iri ɗaya a motoci daban-daban na tsawon shekaru, don haka kayan wannan yana shiga waccan. Yaron da ya koyi aiki a gareji, a kan Toyota hannunsa ya faɗa. Yawan motar ya jawo yawan kayan gyara, yawan kayan ya ƙara jawo masu saye.

Dalili na uku ya mai da motar wurin ajiyar kuɗi. A zamanin da naira ke zubewa, akwai waɗanda suka hau mota shekara uku suka sayar da ita fiye da yadda suka saya, a lissafin naira. Shi ya sa ɗan kasuwa ke cewa Toyota kuɗi ce a hannu. Har laƙabi kasuwa ta ba kowane samfurin Camry, daga Orobo zuwa Big Daddy zuwa Muscle, kuma kowanne da farashinsa da yaran dillalai suka haddace.

Masu suka ma suna da hujja. Ma'abota motocin Jamus na cewa Toyota ba ta da daɗin tuƙi, ba ta kama titi a babban gudu, kayan cikinta roba ce zalla. Masoya Honda na cewa injinsu ya fi kuzari. Wasu kuma na ganin an mayar da sunan hanyar tatsa, ana biyan kuɗin mota biyu a kan guda. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen rashin ƙawa, domin kamfanin ya daɗe da ɗabi'ar jinkirta sabuwar fasaha har sai ta nuna. A jerin ingancin motoci da mujallar Consumer Reports ta Amurka ke fitarwa duk shekara, Toyota da Lexus ba su cika barin sahun farko ba.

Sai kuma ɓarayi. Motar da kayanta ke da kasuwa ita ɓarawo ke bi, domin kafin gari ya waye an yanka ta an rarraba. Mai Corolla ko Hilux da bai sa na'urar bin diddigi ba, barcinsa rabi ne.

Inda gizo ke saƙar

Suna ba ya warkar da motar da aka riga aka kashe. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci kusan miliyan 14, kimanin kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufa, da yawansu ba su cika ƙa'idar hayaƙi ko ta lafiyar hanya ba.

Kaso mai tsoka na motocin Amurka daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su: waɗanda suka yi haɗari, ko ambaliya ta shanye. A nan ake buga bodi, a fesa fenti, a rufe gurbin jakar iskar da ta riga ta fashe, a mayar da mitar tafiya baya. Motar ambaliya kan yi lafiya wata biyu ko uku, sannan wayoyi su fara ruɓewa daga ciki. Da lambar shasi ana iya binciko tarihin motar Amurka a intanet kan kuɗi kaɗan, har da hotunanta a filin gwanjo, amma masu yin hakan ba su da yawa.

Wasu samfuran kuma da aibinsu suka baro masana'anta. Camry ta 2007 zuwa 2011 an san ta da narkewar dashbod a zafin rana har ya riƙa danƙo, wasu masu inji mai silinda huɗu kuma da shan bakin mai. Kamfanin ya amsa matsalolin biyu, ya yi wa masu motocin gyara a Amurka, amma wannan alheri ba ya biyo mota zuwa Kano.

Ragowar ɓarnar tamu ce. Injin da aka rubuta wa siririn mai 0W-20 ko 5W-20 a murfinsa, sai a ɗura masa mai kauri 20W-50, wai ƙasarmu da zafi. A cire na'urar daidaita zafin inji a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. A cika lagireto da ruwan rijiya har ya yi tsatsa. A fasa tukunyar tace hayaƙi a sayar da abin cikinta. A sa filogi da matatar mai na jabu masu ɗauke da tambarin kamfani. Cewa motar tana ci gaba da tafiya bayan duk wannan, shi ne babban tallan da Toyota ba ta biya ko kwabo a kansa ba, amma kwananta ake ragewa.

Ranar da shugaban kamfani ya ba da haƙuri

Shi ma kamfanin ya sha yin tuntuɓe. A watan Agustan 2009, wata Lexus ta ƙwace wa direbanta kusa da San Diego, totur ya maƙale a kafet, mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka mutu. Daga nan aka janye motoci sama da miliyan 8 a duniya saboda kafet da totur mai maƙalewa. A Fabrairun 2010 shugaban kamfanin a lokacin, Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka, ya amsa cewa kamfanin ya faɗaɗa da saurin da ya fi ƙarfinsa, har neman yawa ya shiga gaban inganci. Binciken da injiniyoyin NASA suka taya yi bai gano matsala a kwamfutar motocin ba, amma a 2014 Toyota ta biya tarar dala biliyan 1.2 bayan ta amsa cewa ta ɓoye wa jama'a abin da ta sani.

Bayan wasu shekaru, abin ya dawo ta wata ƙofa. A 2022 aka gano Hino, reshenta mai ƙera manyan motoci, ya shekara kusan 20 yana murɗe alƙaluman hayaƙi. A Disambar 2023 Daihatsu, shi ma reshen Toyota, ya dakatar da fitar da dukkan motocinsa saboda maguɗi a gwajin haɗari. A Janairun 2024 aka samu irin haka a gwajin injinan dizal na Toyota Industries, wato ainihin kamfanin masaƙar da Sakichi ya kafa, lamarin da ya sa aka tsayar da fitar da wasu Hilux, Hiace da Land Cruiser na ɗan lokaci. A Yuni kuma hukumomin Japan suka samu ita kanta uwar kamfanin da saɓa ƙa'idar gwaji a samfura bakwai, Akio Toyoda ya sake sunkuyawa gaban 'yan jarida.

Abin da masu binciken Daihatsu suka gano ya fi tarar ciwo: an matsa wa injiniyoyi da wa'adin da ba zai yiwu ba, kuma na ƙasa ba ya iya cewa na sama a dakata. A gidan da ya yi suna da ba leburan layi ikon tsayar da aiki, an wayi gari ma'aikatan ofis suna tsoron jan igiya.

Motocin da ke tafe

Duniyar mota tana sauyawa, Toyota kuma ta ƙi yin gaggawa zuwa motoci masu batir zalla. Akio Toyoda, wanda ya miƙa ragamar gudanarwa a 2023 ya koma shugaban hukumar daraktoci, ya taɓa hasashen cewa irin waɗannan motoci ba za su wuce kashi 30 cikin ɗari na kasuwar duniya ba, yana kafa hujja da ɗaruruwan miliyoyin mutanen da ba su da wutar lantarki. Masu fafutukar muhalli na zarginsa da jan ƙafa, su kuwa masu hannun jari sun ga riba, domin motoci masu haɗa fetur da batir sun samu kasuwa sosai. A gefe guda kamfanonin Sin irin su BYD, Chery, Geely da GAC suna tahowa da sababbin motoci masu rahusa, wasunsu sun riga sun buɗe shaguna a Legas da Abuja.

Ga mai saye a Kano ko Damagaram, abin dubawa shi ne abin da ake sayarwa a Amurka yau, tunda shi zai sauka a tasharmu nan da shekara goma. Sienna tun samfurin 2021 ba a yin ta sai mai haɗa fetur da batir. Camry ma ta bi sahu daga samfurin 2025. Manyan injinan da aka sani da juriya ana maye gurbinsu da ƙanana masu turbo, kuma a 2024 sai da aka janye Tundra da Lexus LX kimanin 100,000 saboda ɓarɓashin ƙarfe da aka bari a cikin sabon injinsu. Waɗannan motoci suna tsimin mai, abin da kowa ke nema yanzu, amma ba sa yafe gurɓataccen fetur, jabun bakin mai ko gyaran kame-kame. Batirinsu yana ɗauke da wutar da za ta iya kashe wanda ya taɓa shi da ka.

A ɓangaren ƙira kuwa, Toyota tana da babbar masana'anta a Durban ta Afirka ta Kudu, a 2021 kuma aka buɗe wurin haɗa Hilux a Tema ta Ghana. Nijeriya mai yawan jama'a har yanzu tsofaffin motocin wasu take saye da dala.

Rabin darajar Toyota a ƙasar Hausa daga masana'anta ta zo, ɗaya rabin kanikawanmu da 'yan kasuwar kayan gyara ne suka gina ta da hannunsu. Wannan rabi na biyu shi ke cikin haɗari. Idan kwalejojin fasaha, ƙungiyoyin kanikawa da dillalan kamfanin ba su fara koya wa yaran gareji aiki da na'urar gano cuta da gyaran batir tun yanzu ba, Toyotar da za ta iso nan gaba za ta zo da tsadar sunanta, ba tare da sauƙin gyaran da ya sa aka so ta ba. Kafin nan, mai kuɗi a hannu ya binciki lambar shasi, ya karanta abin da aka rubuta a murfin bakin mai, ya kuma ware kuɗin sabis tun ranar da ya biya kuɗin mota.